Tsaro da Tsarewa: Sunayen Masu Riƙe da Mutane a Bakin Zazzagawa



Gabatarwa

Wanda ya shigo birnin Zariya ta Ƙofar Doka, kafin ya kai Babban Dodo zai wuce mutane iri-iri waɗanda aikinsu shi ne tsare wani abu ko wani mutum. A nan Ƙofar Doka gidan yari yake, da gandurobobinsa. Gaba kaɗan zai ga mai gadi zaune a bakin wani ofis, zai ga ɗan sanda a mararraba, in kuma ya isa ƙofar fada ga dogarai cikin rigunansu ja da kore. Da dare in ya shiga unguwa, 'yan sintiri za su haska shi da tocila su tambaye shi inda ya fito. Kowannensu da sunansa, kowane suna kuma da tarihinsa.

Abin da nake so mu duba a yau shi ne waɗannan sunaye: yadda Hausa ke ƙera su, inda ta samo su, da yadda ake amfani da su. Dalilina kuwa shi ne, sunan da aka ba mai riƙe da mutum yakan yanke hukunci tun kafin a je gaban alƙali. In an ce da shi mariƙi, ba mai tambayarsa. In an ce ɓarawon mutane ne, kowa zai ɗauki sanda. Ku ma'aikata da ke rubuta rahoto, da ku ɗalibai da za ku zama masu fassara da 'yan jarida, ku ne za ku riƙa zaɓen waɗannan sunaye a kullum.

Aikatau ɗaya, fuska biyu

Bari mu fara da tushen maganar, watau aikatau tsare. Ku saurari waɗannan jimloli: Allah ya tsare mu. Maigida ya tsare mutuncin iyalinsa. 'Yan fashi sun tsare hanyar Birnin Gwari. An tsare shi a caji ofis kwana uku. Ya tsare ni da ido. Na je roƙonsa, sai ya tsare gida.

A jimla ta farko da ta biyu, tsare kāriya ce. A ta uku, toshe hanya ne don cuta. A ta huɗu, hana mutum 'yancin tafiya ne. A ta biyar matsi ne, a ta shida kuwa ɗaure fuska ne don kada a ga wurin roƙo. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsayawa tsakanin abu da hanya. Mai tsaye a bakin ƙofa yana iya hana na waje shiga, yana kuma iya hana na ciki fita, aikatau ɗin bai faɗa mana wanne yake yi ba.

Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje, malamin da ke duba aikina ya nemi in fassara masa wata jimla da na naɗo daga bakin wani tsoho a birni: “Sarki ya sa an tsare shi.” Na ba shi fassara guda biyu, ya ce in zaɓi ɗaya. Na kasa, sai da na koma na saurari sauran labarin, sannan na gane mutumin da ake magana a kansa baƙo ne aka ba dogari ya raka shi don kada a taɓa shi. Da ɗan gari ne mai laifi, da jimlar nan ba ta sake ko da wasali ɗaya ba, amma ma'anarta ta juye.

Sai dai Hausa ta yi dabara wajen sunayen da ta ciro daga wannan aikatau. Tsaro ya fi karkata ga kāriya, shi ya sa ake cewa jami'an tsaro da ministan tsaro. Tsari mai gajeren wasali, kamar a neman tsari ko layar tsari, shi ma kāriya ne, ba shi da dangantaka da tsari mai dogon wasali wanda ke nufin shiri. Tsarewa kuwa ta fi karkata ga kulle mutum. Saboda haka jami'in tsaro shi ne ke tsarewa, amma ba wanda ke kiransa jami'in tsarewa. An ba shi suna da kyakkyawar fuskar aikinsa.

Hanyoyin ƙera sunan

Hausa na da hanyoyi huɗu manya na kiran mai irin wannan aiki. Ta farko ita ce ɗafa ma- a gaba, kamar mariƙi, makiyayi, majiɓinci. Irin wannan suna yakan nuna nauyi mai ɗorewa wanda ya zama wa mutum kamar hali. Ta biyu ita ce mai da masu, kamar mai gadi, mai tsaron gida, mai reno. Wannan ya fi nuna aikin da ake yi na wani lokaci, sau da yawa don lada. Ta uku ita ce ɗan da 'yan, kamar ɗan doka, ɗan sanda, 'yan sintiri, 'yan banga. A nan mutum ɗaya ne cikin ƙungiya, kuma akan kira shi da kayan aikinsa ko da abin da ya tsaya wa. Ta huɗu ita ce sarauta, kamar sarkin ƙofa, sarkin dogarai, yari.

Ku lura da abu ɗaya. Hanyar da ta ba mu ɗan sanda ita ce ta ba mu ɗan bindiga. Na farko hukuma ce ta ba shi sandar, na biyu shi ya ba kansa bindigar, amma ƙirar kalmomin iri ɗaya ce. Nahawu ba ya tambayar izini. Mai sauraro ne ya san wanda ke da hurumi da wanda ba shi da shi.

Kalmomin fada

Tsofaffin sunayen duk daga fada suka fito. Dogari shi ne mai tsaron lafiyar sarki, shi ne kuma ake aika wa ya kamo mai laifi, ya kai sammaci, ya yi bulala in alƙali ya yanke. A da yawancin dogarai bayin sarki ne, watau mutumin da shi kansa a hannu yake shi ne ke kamo wani. Kalmar ta yi tafiya har ƙasar Yarbawa, inda a Ilori ake cewa dongari. Yari shi ne mai kula da ɗaurarru, daga sunansa aka sami gidan yari. Hauni shi ne mai zartar da hukuncin kisa. Sarkin ƙofa kuma shi ke rufe ƙofar ganuwa da almuru ya buɗe da asuba, a zamanin da ƙofofi irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Tukur-Tukur suke da ƙyaure.

Cikin gidan sarki akwai babanni, watau mazan da aka yi wa dandaƙa don su shiga inda mata suke. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, ya nuna cewa a zamanin sarakunan Haɓe manyan sarautu irin su Galadima da Wambai da Dallatu babanni ne ke riƙe da su. Dalilin a fili yake: wanda ba zai haihu ba, ba zai yi kwaɗayin gadon sarauta ga ɗansa ba, saboda haka shi ake bar wa gari da gida. Bayan da Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu, waɗannan sarautu suka koma hannun 'ya'ya da dangin sarakuna. Suna ya tsaya, mai riƙe da shi ya sake. Wanda ya ji Wambai a yau ba abin da zai zo masa a rai sai babban ɗan sarauta.

Kalmomin zamanin Turawa

Turawa sun shigo Zariya a 1902, suka zo da nasu masu tsaro da nasu sunaye. Gadi, da sintiri, da fursuna ko bursuna, da beli, da caji ofis, duk daga Ingilishi aka aro su. Ganduroba ma daga can ne, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ta fito daga kalmar da ke nufin mai kora ayarin leburori. Bayanin ya dace da abin da mutanen gari suka gani da idonsu, domin ba a cikin kurkuku suka san ganduroba ba, a kan titi suka san shi, yana bayan fursunoni suna sharar kasuwa ko ɗebo itace. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake Faransa ce ta mallake su, gidan kaso suke cewa, daga kalmar Faransanci ta ɗakin duhu, yanzu kuma kalmar ta ƙetaro iyaka ta zama tamu duka.

A ƙarƙashin mulkin En'e, daga shekarun 1920, aka ware wasu daga aikin dogarai aka ba su kaki da horo, aka kira su 'yan gadi, daga baya 'yan doka. Daga nan aka sami masu kamu iri uku a gari ɗaya: dogari na sarki, ɗan doka na En'e, ɗan sanda na Gwamna. Talaka ya san bambancinsu sarai, domin kowanne da inda yake kai mutum.

Wannan zamani ya nuna cewa ba wanda ya fi ƙarfin aikatau tsare. Sarkin Zazzau Kwasau, Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja. Aliyu Ɗan Sidi, wanda suka naɗa a 1903, shi ma da suka tuɓe shi can aka kai shi, can ya rasu. A shekarun 1950 kuma, da siyasar jam'iyyu ta zo, magoya bayan NEPU da yawa sun sha kamun 'yan doka da ɗaurin kotunan En'e. Hajiya Gambo Sawaba, mutuniyar Zariya wadda ta rasu a 2001, ana ƙidaya ɗaurinta har sau 16. A takardun hukuma na lokacin, fursuna ce. A yau asibitin da ke Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. A wancan zamani ne kuma aka aro banga, don samarin da ke raka shugabannin jam'iyya suna kāre su, suna kuma dukan abokan hamayya. Yanzu a ƙauyuka da yawa 'yan banga na nufin masu tsaron gari daga ɓarayi, amma tsohon warin kalmar bai fita ba.

Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe gidajen yari daga hannun En'e a 1968, 'yan doka kuma aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya. Aikin ɗan doka ya mutu, dogari ya koma ado da tsaron fada. Amma gidan yari bai sake suna a bakin jama'a ba, ko da yake yari ya daɗe da barin makullin.

Gida ɗaya, suna goma

Wurin da ake tsare mutum ya tara sunaye fiye da kima: kurkuku, gidan yari, gidan kaso, gidan maza, gidan ɗan Kande, magarƙama. Ga gidan waƙafi, daga kalmar Larabci ta tsayawa, inda ake ajiye wanda ba a gama shari'arsa ba. Ga kuma bayan kanta, watau ɗakin da ke caji ofis. Inda duk aka ga suna ya yi yawa haka, to akwai abin da ake jin nauyin faɗa. Uwa ba ta cewa ɗanta yana kurkuku, sai ta ce yana hannun hukuma, ko ya yi tafiya. Abokansa kuwa su ce yana gidan maza, su mai da abin kunya ya zama jaruntaka.

A watan Agusta na 2019 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta sake wa hukumar gidajen yari suna, kafofin labarai na Hausa suka fassara shi da gidan gyaran hali. Fassarar ta yi daɗi, manufar dokar ma mai kyau ce. Amma akwai abin dubawa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke cikin waɗannan gidaje a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba. Wane hali za a gyara wa wanda kotu ba ta ce halinsa ya ɓaci ba? Tsohuwar Hausa ta raba ɗaurarre, wanda alƙali ya ɗaure, da wanda ke waƙafi. Sabon sunan ya haɗe su a kwando ɗaya. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ma'aikacin da ya rubuta fursuna a inda ya kamata ya rubuta mai jiran shari'a ya taimaka wajen mantawa da wannan sashe.

Riƙo a cikin gida

Ba hukuma kaɗai ke riƙe da mutane ba. Muna da riƙo, inda ake ba goggo ko kawu yaro ya tashi a hannunsu, su ne mariƙa, shi ne ɗan riƙo. Muna da auren kulle, da wanda bai kai shi tsanani ba da ake kira auren tsare. Muna da malamin da uba ke danƙa wa ɗa ya ce ga amana. Duk waɗannan sunaye ne masu daraja, mafi yawan masu ɗauke da su kuma sun cancanci darajar. Amma daraja takan zama labule. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, wasunsu da mari a ƙafa. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irin waɗannan gidaje a wasu garuruwa, har da nan Zariya. Gardamar da ta tashi a lokacin rabinta ta suna ce. Iyaye da yawa suka ce makaranta ce, su suka kai 'ya'yansu da hannunsu don shaye-shaye ya fi ƙarfinsu. Hukuma ta ce gidan azaba ne. Mutanen unguwa kuwa tun da daɗewa gidan mari suke cewa, sun kira shi da ƙarfen da ke ciki. A ganina sunan mutanen unguwa ya fi sauran gaskiya, domin bai yabi kowa ba, bai zagi kowa ba, ya faɗi abin da ke ƙafar yaro.

Garkuwa

Na bar wannan kalma zuwa ƙarshe don ita ce ta fi ciwo. Garkuwa ita ce faffaɗar fatar da mayaƙi ke riƙewa don tare kibiya da mashi. Saboda darajarta ta zama sarauta, akan kuma yabi mutum a ce shi ne garkuwar jama'arsa. Yin garkuwa da mutum kuwa asalinsa shi ne ka sa shi gabanka don kada a harbe ka. Daga nan 'yan jarida suka ɗauko ta don fassara satar mutane, har ta zauna daram. A daren 10 ga Yuni 2021 aka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli aka tafi da ɗalibai da malamai. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kama ma'aikatan ƙaramar hukumar Zariya 13 a hanyarsu ta zuwa ta'aziyya wajen Giwa. A ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna. A duk labaran nan masu garkuwa da mutane aka ce.

In aka auna da asalin kalmar, ba ta dace ba. Waɗannan mutane ba kāre kansu suke yi ba, ciniki suke yi. Kakanninmu sun san wannan ciniki, suna kuma da sunayensa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama danginta, da yadda aka yi ta tara wuri don fanso su. Hari, kamu, satar mutane, fansa: kalmomin nan ba su ɓoye kome ba. Fansa ta dawo bakinmu yadda take, a kuɗin fansa. Amma mai kamun mun ba shi aron sunan kayan yaƙin jarumai. Ban ce za a iya fitar da kalmar daga bakin mutane ba, harshe ba ya bin umarnin malamin jami'a. Na ce dai ɓarayin mutane na nan a Hausa, kuma ta fi kusa da abin da ake yi.

Haka kuma a yi hattara da makiyayi. Kalma ce ta amana, da ita malamai ke misalta shugaba. In mai rahoto ya rubuta makiyaya alhali ɓarayin daji yake nufi, ya ɗora laifin mutum ɗari a kan mutum dubu ɗari waɗanda su ma shanunsu ake kwashewa.

Kammalawa

Shawarata ga masu riƙe da alƙalami guda uku ce. Ta ɗaya, in kun rubuta an tsare wane, ku tambayi kanku wa ya tsare shi. Wannan ɗan ƙaramin lamiri an yana haɗiye mai aiki, ya bar wanda aka yi wa. Ku faɗi ofishin, ku faɗi ranar. Ta biyu, ku tambaya da izinin wa, har zuwa yaushe. Riƙon da ke da mai ba da izini da ranar ƙarewa shi ne na doka, wanda ba shi da su kamu ne, ko da mai yin sa yana sanye da kaki. Ta uku, ku duba wa ke cin amfanin riƙon. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardi ma cewa yake yana kula da kurarsa.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tara da yawa daga cikin tsofaffin kalmomin nan, amma ba su ga zamanin 'yan sintiri da gidan gyaran hali ba. Tsofaffin da suka ga 'yan doka da idonsu suna nan a Kwarbai da Juma da Limancin Kona, sai dai kullum raguwa suke yi. Ku je ku zauna da su, ku tambaye su wa ke kama mutum a zamaninsu, ina ake kai shi, me ake ce da mai riƙe da makullin. Ku rubuta yadda suka faɗa, kada ku gyara musu.